Kafin Katafila ta Iso, Kalma ce ke Fara Zuwa

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ke yawo a fadojinmu da ɗakunan kwananmu, kuma ta ishe ni. Duk ranar da aka ce an saida wani tsohon gida a Kalley, an fidda ƴan haya, an dasa bene mai gilashi a wurin, sai wani cikinmu ya kurɓi shayi ya ce: "To mi? Ai ci gaba ne. Ko so kake Yamai ta zauna ƙauye har abada?" Akwai kuma kashi na biyu, kuma su suka fi ba ni haushi. Su ne masu kwana a waya suna kallon yadda ake korar baƙar fata daga Harlem, ransu ya ɓaci, su yi ta zagin Amurka har asuba, da safe su shiga taksi su ratsa Kalley da Maourey da Zongo ba su ga komai ba. Da ku biyun nake.

Mu fara da kalmar kanta, tunda aikina ke nan. A 1964 wata masaniyar zamantakewa mai suna Ruth Glass ta lura cewa a wasu unguwannin leburori na birnin Landan masu hali suna sayen tsofaffin gidaje ɗaya bayan ɗaya, suna gyarawa, haya tana hawa, har a wayi gari babu ko ɗaya daga cikin mutanen farko. Ta ƙirƙira wa abin suna daga kalmar da Ingilishi ke kiran masu ƙasa da sarauta da ita, sunan da malamanmu ke faɗa da Faransanci, jantirifikasiyon. Harshe ya karye kafin a gama faɗa. Ni a ganina ba mu da buƙatar aro, domin Bahaushe ya riga ya san abin, ya kuma ba shi suna tun kafin a haifi Ruth Glass: kora da hali. Ba wanda ya ce maka tashi. Ana dai sauya maka fuska, a sauya maka farashi, a sauya maka maƙwabta, har ka ɗaure tabarmarka da hannunka, sannan a ce ai shi ya ga dama ya tafi.

A Amurka abin a fili yake saboda launi ya nuna shi. Birnin Washinton a 1970 kashi 70 cikin 100 na mazaunansa baƙar fata ne. Bayan shekara arba'in da ɗoriya sun koma ƙasa da rabi. Tun a 1963 marubuci James Baldwin ya faɗa a wata hira ta talabijin cewa abin da hukuma ke kira sabunta birni, ma'anarsa kawar da baƙar fata. A Afirka ta Kudu ko kunya ba a ji ba: a 1955 aka fara kwashe mutanen Sophiatown da motocin ƴan sanda, aka rushe unguwar, aka gina wa Turawa gidaje, aka raɗa mata suna Triomf, wato nasara. Na san amsar da za ku ba ni. Za ku ce can wariyar launi ce, nan kuwa mai saye baƙi ne, mai sayarwa baƙi ne, wanda aka kora ma baƙi ne, to ina abin kuka? Sai in ce ku je Legas ku tambayi mutanen Maroko. A watan Yuli na 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba su kwana bakwai, aka baje unguwar da mutane wajen 300,000 ke ciki, yau filin yana cikin mafi tsada a Najeriya. Babu Bature ko ɗaya a kan katafilar.

Kuma ma wa ya ce babu launi a tarihin namu? Lokacin da Faransa ta maido da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, garin ƴan unguwanni ne na bukkoki a kusa da kogi: Maourey, Kalley, Gaweye, Zongo, Koira Tegui. Kalley ta ɗauki sunan Kallawa, wani reshe na Zabarmawa, waɗanda ke cikin mutanen farko na wurin. Zongo kuwa sunanta ya faɗi aikinta, masaukin baƙi da fatake. Masu zanen birni na mulkin mallaka suka duba ƙasa, suka ga kwarin Gunti Yena, suka mai da shi iyaka: Plateau ga Turawa da ofisoshinsu da iska mai daɗi, ɗaya gefen ga "ƴan ƙasa". A 1935 gobara ta cinye bukkoki, hukuma ta samu dalilin da take nema, ta janye mutane daga bakin kogi, ta yanka musu filaye layi-layi a tudu, ta ce a yi ginin laka. Wato Kalley ɗin da muke gani yau, mai tituna miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, ita kanta ɗiyar kora ce. An taɓa tashin kakannin mutanen nan sau ɗaya don Bature ya sha iska. Yanzu garin ya girma ya kewaye su, wurin da aka jefa su don a nisanta su ya zama cibiya, ƙasar ta yi daraja, sai kuma aka tuna cewa ba su dace da wurin ba.

Bayan ƴancin kai ma hannun bai sauya ba. Da kuɗin uraniyum suka shigo zamanin Seyni Kountché, tsohuwar Gaweye ta bakin kogi ta tashi, aka gina babban otal da zauren taro. Ku lura da abin da ya faru da sunan. Yau ka ce "Gaweye" a taksi, direba otal zai kai ka. An kwashe mutane, an riƙe sunan, an manna shi a bango da haruffa masu haske. A darasin ma'anar kalmomi muna kiran wannan sauyin ma'ana, mu rubuta a jarrabawa, mu samu maki. Ga wanda aka haifa a can kuwa sata ce sau biyu.

Taswirar Yamai duka haka take in ka iya karanta ta. Akwai kartiye da sunanta kawai Recasement, wato inda aka sake tsugunar da waɗanda aka tasa. Ba a ma wahalar da kai wajen neman suna ba, kalmar takardar ofis aka liƙa wa mutane, ƴaƴansu suka tashi suna cewa daga can suke. Wadata, sunan Hausa mai daɗin ji, kasuwa ce da aka buɗe wa ƴan kasuwar da gobarar Babbar Kasuwa ta 1982 ta bari a rana. Banizoumbou da Zabarmanci na nufin lafiya ta sauka. Koira Kano, gari mai daɗi, kun san su wa ke zaune can, kun kuma san tsawon katangunsu. Talaka yana raɗa wa unguwarsa sunan abin da yake fata, mai kuɗi yana raɗa wa tasa sunan abin da ya riga ya samu.

Sai mu zo kan Nyala. A 2011 shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da shirin Niamey Nyala, kalmar Zabarmanci mai nufin ado da ƙwalisa. Aka yi gadar sama ta Mali Bero, aka yi ta shataletalen Shahidai, aka yi ta Diori Hamani. Da taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019 ya matso, kamfanin Turkiyya Summa ya sabunta filin jirgi ya gina Radisson Blu, Indiya ta ba da zauren Mahatma Gandhi, aka shimfiɗa hanyar gudu daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari don kada baƙi su ɓata lokaci suna kallonmu. Ban ce gada haram ce ba, ni ma ina bi ta kai. Amma kafin baƙin su sauka, a 2016, ƙarƙashin gwamnan Yamai Hamidou Garba, katafila ta bi manyan tituna da kewayen kasuwanni tana kwashe rumfuna da shaguna da teburan masu ƙaramin ƙarfi. Mai shayi, mai gyaran waya, tela, mai saida kati, mai tuwo. Da yawansu ƴan hayar tsakiyar gari ne, kuma teburin nan shi ke biyan ɗakin. Ka ɗauke teburin, ba ka taɓa ɗakin ba, amma wata uku ba za su cika ba mai gida zai zuba kayan mutum waje. An ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. To, wa aka tambaya cikin waɗanda suka biya sabulun?

Ƙaramar Kasuwa kuma, Habu Ganda, wuta ta cinye ta a 2012. Kowa ya ɗauka za a yi kamar yadda aka yi wa Babbar Kasuwa, wadda aka sake ginawa aka buɗe a 1987. Sai aka kewaye filin, shekara ta bi shekara, masu tumatir da kifi da yaji suka watsu a tituna da wasu kasuwanni, daga baya aka dawo ana kiransu masu tare hanya. Wuta ba ta da jam'iyya, na yarda. Amma daga 1935 zuwa yau, ku duba wa ke komawa wurinsa bayan wuta ta mutu, wa kuma ba ya komawa.

Yanzu ku saurari harshen da ake yin aikin da shi, nan ne zan daɗe. Kalmar ofis ita ce déguerpissement, mu a baki mu ce degerpisma. A Faransancin Faransa, déguerpir aiki ne da mutum ke yi da ƙafarsa: ya tsere, ya bar wuri da sauri. A tsohuwar shari'arsu ma, mai gida ne ke sakin gidansa da kansa don ya huta da nauyin da ke kansa. Sai a nan ƙasashenmu, Yamai da Abijan da Dakar, kalmar ta koyi ɗaukar karɓau, ta zama abin da wani ke yi wa wani, aka samu "waɗanda aka degerpi". Amma ƙanshin ma'anar farko bai fita ba: in ka ji ta, sai ka ga kamar ɓarawo ne ya ji motsi ya arce. Kalma ɗaya ta yi kora, ta kuma ɗora wa korarre laifi. Ga ƙawarta, anarshik. Duk rumfar talaka "zaman anarshik" ce, wai babu tsari babu doka. To mai tebur ɗin da ke karɓar tikiti kullum daga hannun ma'aikacin meri, wanda wasunsu har patanti suke biya, a wane littafi aka rubuta kuɗinsa? Ranar karɓa ɗan kasuwa ne, ranar rusau ɗan anarshik. Sai asenisma, tsaftacewa. In aka ce za a tsaftace wuri, kuma abin da aka kwashe mutane ne, to an gaya maka abin da aka ɗauke su ba tare da an buɗe baki an zage su ba.

Kada mu ce laifin Faransanci ne kaɗai, Hausarmu ma tana da maɓoya. Ku saurari labaran rediyo: "an tashi mutane", "an rushe shaguna", "an saida gidan". Wannan "an" ɗin, wakilin suna marar fuska, babban bargo ne, gwamna da ɗan kwangila da dillali duk suna kwana a ƙarƙashinsa. Mafi daɗi ma ita ce "unguwa ta gyaru". Ƴan ajinmu sun san wannan siga ta aikatau, giredi na bakwai, mai ƙarewa da -u: abu ya auku, mai yi ya ɓace. Ta gyaru, kamar ciwo ya warke da kansa. Duk wanda ya ce maka Kalley ta gyaru, ka ce masa ya maimaita jimlar da mai aikatawa a ciki, ya kuma faɗi wa aka gyara wa.

Amma gaskiya mafi yawan abin da ke cin Kalley yau ba ya zuwa da katafilar gwamnati, kuma shi ya sa ba a ganinsa. Ga yadda yake tafiya. Tsoho ya rasu ya bar gidan laka mai faɗi, wanda aka yanka wa mahaifinsa tun zamanin Turawa. A ce magada goma sha biyar ne, wasu a Kwatano, wasu a Lome, wasu ba su da aikin yi. Gida ba ya rabuwa goma sha biyar. Tun ba a share makoki ba dillali ya fara zarya, yana gaisuwa yana auna bango da ido. Wani babban ɗan kasuwa da ke neman ma'ajiyar kaya kusa da Babbar Kasuwa, ko mai son bene ya ba banki da kamfani haya, ya ajiye kuɗin da babu wani magaji da ya taɓa gani. A raba. Kowa ya samu abin da zai sayi fili a bayan gari, wasu ma bai kai ba. Ban zargi magadan ba, yunwa ba ta san tarihi ba. Mai sayen ma bai karya doka ba. To amma a cikin gidan nan akwai ɗakunan haya shida ko takwas, irin shiga-ka-kwanta, akwai tsohuwar da ta shekara talatin tana soya ƙosai a ƙofar, akwai ɗalibai irinmu uku a ɗaki ɗaya. Su ba a kiransu wurin rabo. Dokar ƙwace ƙasa don amfanin jama'a, mai lamba 61-37 ta 1961 wadda aka gyara a 2008, tana maganar diyya in hukuma ce ta karɓa. In ciniki ne tsakanin mutum biyu, ɗan haya sai dai a ce masa "ka nemi wuri kafin ƙarshen wata". Shi ke nan. Babu hoto, babu ɗan jarida, babu hayaƙi mai sa hawaye. Gida ɗaya yau, gida ɗaya bayan salla.

Kuma ina za su? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024, kafin nan jika 30 ne da ƴan canji, ga waɗanda ma suke da albashin. Sabon mai gida yana son kuɗin wata da watanni a gaba, dillali yana son nasa. Sai a nufi gefen gari, can bayan Niamey 2000, ko Koira Tegui, ko hanyar Filinge, ko a gangara wuraren da ruwa ke ci duk damina, kamar yadda muka gani a 2020 da kogi ya fasa ya shiga unguwannin Harobanda, gefen jami'armu. Gefen garin ma ba na banza ba ne, domin an daɗe da yanka shi. Har bashin albashin ma'aikata gwamnati ta taɓa biya da filaye, filayen suka faɗa hannun masu saye su ajiye. Matar da ke taka ƙafa minti goma zuwa kasuwa yanzu sai ta jira faba-faba tun duhu, ta biya zuwa ta biya dawowa, ribar ƙosan ta ƙare a mota. Adashinta ya watse, domin adashi amana ce ta waɗanda ke ganin juna kullum. Mai kantin da ke ba ta bashin shinkafa ya san ta shekara ashirin. Na sabuwar unguwa bai san ko sunanta ba. Wannan duka dukiya ce, ko da babu bankin da ke lissafa ta.

Akwai kuma asarar da ta shafe mu mu ƴan harshe kai tsaye. Tsakar gidan haya a Kalley makaranta ce da ba a biya: Bazabarme, Bahaushe, Bafillace, Buzu, Bayarabe, ɗan Togo, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Yaro ya tashi da harshe biyu ko uku bai san ya koya ba. Hausar Yamai da Zabarmancin Yamai, waɗanda ƴan Maraɗi da ƴan Dosso ke yi wa dariya, a irin gidajen nan aka dafa su. Bene mai mai gadi a ƙofa ba ya haifar da wannan.

Na ji mai cewa: kai ɗan boko, kana son talaka ya dawwama cikin kwata da sauro don ka samu abin rubutawa. A'a. Na san warin lambatun Kalley a watan Agusta, na san bangon laka yana faɗa wa mutane cikin dare. Ba na yi wa talauci kirari. Tambayata ita ce, me ya sa magudanar ruwa da kwalta da fitila ba sa isowa sai an ga alamar masu wurin za su sauya? Mutanen nan sun shekara tamanin da wani abu suna biyan haraji a wuri ɗaya. In gyara ake so, a gyara da su a ciki: a ba magada rancen da za su gina sama su zauna tare maimakon su sayar, a sauƙaƙa musu takardar mallaka wadda yanzu sai mai kuɗi da sani ke iya fiddawa, a sa wa'adi na doka mai tsawo kafin a fidda ɗan haya in an saida gida, duk mai tada bene a tsohuwar unguwa a wajabta masa barin ɗakuna masu araha. In kuɗin gadar sama uku sun samu, kada a ce mana na lambatu ne suka gagara.

Tun bayan 26 ga Yuli 2023 muna cikin zamanin sauya sunaye. A Oktoban 2024 titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, kuma na yi murna, ba zan ɓoye ba. A 2025 aka rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Amma ɗalibin harshe shi ya fi kowa sanin cewa suna daban, abin da aka raɗa wa daban. Layin da Bature ya ja a Gunti Yena yana nan, ya dai daina tambayar launin fatarka, yana tambayar aljihunka, kuma yanzu ya tsallako kwarin yana tafiya gabas gida-gida. In da gaske ake batun ƴanci, to a fassara mana degerpisma zuwa Hausa da Zabarmanci a takardun meri, a rubuta "kora" ƙarara, mu ga ko akwai jami'in da zai iya sa hannu a ƙasa ba tare da hannunsa ya yi rawa ba.

Mu kuma fa? Ƙungiyoyinmu na ɗalibai sun san hanyar gadar Kennedy in kuɗin karatu ya makara, kuma a kan gadar nan aka kashe ƴan'uwanmu ranar 9 ga Fabrairu 1990, saboda haka ba wanda zai koya mana fita. Amma ban taɓa jin mun fita don ƴan haya ba, alhali rabinmu ƴan haya ne, sauran kuma za su zama ranar da suka bar ɗakunan jami'a. Ga IRSH da CELHTO nan cikin gari, rumbunan tarihin baka, mu kuma muna rubuta kundin digiri a kan karin sautin ƙauyen da ba mu taɓa kwana ba. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. A hutun nan mu rabu biyu-biyu, mai jin Zabarmanci da mai jin Hausa, mu bi Kalley Amiru da Kalley ta tsakiya layi-layi, mu gaida tsofaffi yadda ya kamata, mu tambaye su gidan wa ke nan kafin wannan benen, ɗaki nawa ne a ciki, mutanen suna ina yanzu. Mu rubuta da mai aikatawa a kowace jimla. Abin da muka tara shi za mu buga a fitowa ta gaba, kuma kuɗin fotokwafi, kamar kullum, karo-karo ne.